Ranar da Ban Sunkuya Ba

Aboki guda gare ni a Kuala Lumpur, kuma a kan wani guntun tagulla da bai kai babban yatsana ba na rasa shi. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, don haka a yi mini uzuri idan aka ji ina huci.

Shekara huɗu muka yi tare. Shi Bakano ne, ni kuma daga Yawuri na fito, ɗan masunta gaba da baya. Jirgi ɗaya ya kawo mu karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, muka sauka a dogon bene ɗaya a Cheras, shi a hawa na tara, ni a na sha biyu. Matanmu suka shaƙu, 'ya'yanmu suka haɗa baki suna mayar mana da amsa da Turanci. Yana ce mini ɗan masunta, ina ce masa Bakano, babu mai jin haushin wani.

Da korona ta kama ni aka killace mu sati biyu a cikin gida. Kullum da hantsi sai ya je wajen mamak, masu sayar da abincin nan na gindin bene, ya sa a ƙulle masa burodin kasko da miyar wake a leda. Ya hau, ya rataye a mariƙin ƙofarmu, ya buga sau uku, ya koma can bakin lif ya ɗaga murya.

“Ɗan masunta! Ka mutu ne ko da saura?”

“Da saura,” in ce, ina tari.

“To ka ci. Gobe ma ina nan tafe.”

Bai tsallake ko kwana ɗaya ba. A lokacin da maƙwabta ke canza hanya idan sun hango ƙofarmu, shi yake zuwa. Na rantse a raina cewa wannan ya wuce aboki, ɗan'uwa ne.

Na ukunmu a wannan labari Alhaji ne. Ɗan kasuwa ne da ya fi shekara ashirin a ƙasar, yana da kantin yadi da hijabai a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Duk Bahaushen da ya sauka garin sai ya bi ta hannunsa. Ba zan ci amanar gaskiya ba: lokacin kulle ya raba shinkafa da mai gida-gida, kuma gidana ya ci. Gidan da abokina ke ciki Alhaji ne ya tsaya masa, matarsa kuma ita ke ɗinka wa kantin hijabai. Aibin Alhaji guda ne, ban taɓa jin bakinsa ya furta “ban sani ba”. Ko maganar tiyatar zuciya ake yi, sai ya ce ai yana wajen aka fara.

Da aka sassauta dokar kulle a shekara ta biyu, har aka yarda mutane su fita shan iska, Alhaji ya kira mu. Wani abokin cinikinsa ɗan ƙasar yana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, shi kuma yana killace, ya ba da aro. Alhaji ya ce ya sha fita teku da mutumin, babu abin da bai iya ba. Mu je mu yi fatsa, mu wanke idonmu daga kallon bango.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Rabona da ruwan da ya fi na famfo tun barina gida. Abokina kuwa ko a kwatami bai taɓa iyo ba, amma ya fi ni zumuɗi.

“Ina da ɗan masunta a gefe, me zan ji tsoro?” ya ce wa matarsa a gabana. “Idan na faɗa, shi zai tsamo ni.”

Muka yi sallar asuba muka kama hanya, jirgin yana kan wata 'yar tirela da motar Alhaji ke ja. Birnin ba shi da teku, sai an yi tafiyar awa ɗaya da wani abu zuwa yamma. A hanya muka tsaya sayen ƙanƙara da jatan landen da za mu sa a ƙugiya. A ƙofar kantin aka auna zafin goshinmu, muka nuna shaidar lafiyarmu a waya. A gidan mai ma haka. A ƙofar shiga bakin ruwan aka sake. Kafin mu isa Alhaji ya cika fam, yana ta mita a cikin takunkuminsa.

Wajen sauke jirgi gangaren siminti ne da ya shige cikin ruwa, ga laka baƙa a gefe, ga warin kifi. Da warin nan ya buge ni sai na ga mahaifina. A gidanmu ba a tura kwalekwale ruwa sai an durƙusa an shafa ƙasansa da tafin hannu daga kai har gindi, an ga ƙoƙon kwarfar ruwa a ciki. Kuma wanda zai shiga shi ke shafawa. Na sha ganin mahaifina ya durƙusa ya sake shafa jirgin da yayansa ya gama shafawa yanzun nan, yayan yana tsaye yana kallo, babu wanda ya ɗauke shi raini. Da wannan na tashi.

Mai jirgin mutum ne mai tsari. Ya ɗaure wani kati a jikin sitiyari, an rufe shi da leda, an jera abubuwan da za a duba kafin jirgi ya taɓa ruwa. Na hau na kama karantawa ina bi ɗaya bayan ɗaya. Na jijjiga tankin mai na ji nauyinsa. Na taɓa kawunan batir, ɗaya ya saki, na matse. Na warware igiyar anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi, na ga babu inda ta ci. Na duba hasashen yanayi a waya, na aika wa matata sunan wurin da lokacin da za mu dawo. Duk wannan Alhaji yana tsaye a bayan jirgin, dab da injin, yana ɗaukar kansa hoto.

“Injiniya,” ya ce, “wai jarrabawa za mu rubuta ne? Shekara biyu ana checking ɗinmu a kowace ƙofa, nan ma a bakin teku sai mun bi layi?”

“Saura kaɗan, ranka ya daɗe.”

Na buɗe akwatin gaba na fito da rigunan nan masu hana mutum nutsewa, guda huɗu. Sun yi danshi, suna tsami. Alhaji ya ja da baya.

“Subhanallahi! Kayan mutumin da ke kwance da cuta? Wa ya san ranar da ya sa su? Kai su bayan mota. Ba za a shiga jirgi da su ba.”

“Alhaji, abokina bai iya ruwa ba.”

“Ruwan da ya kwanta haka? Cannot lah, ba za su shiga ba. Ni korona nake tsoro.”

Na dubi abokina ina jiran ya ce uffan, tunda ransa ake magana. Ya ɗaga kafaɗa ya yi dariya. Da hannuna na kai rigunan bayan mota.

Abu na ƙarshe a katin shi ne matoshi. Irin waɗannan jiragen suna da ɗan rami a gindi, can ƙasa ƙarƙashin inji, wanda ake buɗewa idan an fito da jirgi don ruwan ciki ya tsiyaye. Kafin a koma ruwa sai a murɗa matoshi a rufe. Mai jirgin ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar da jan biro. Daga tsaye ba a ganin ramin, sai an sunkuya. Alhaji kuma yana tsaye daidai wurin.

“Ranka ya daɗe, an sa matoshi?”

“Na sa.”

“Na ramin ƙasa nake nufi, wanda...”

“Na ce na sa da hannuna. Ko ƙarya nake?”

Taku uku ne tsakanina da ramin. Na ɗaga ƙafa ma. Sai abokina ya riƙo gefen rigata ya yi ƙasa da murya.

“Haba mutumina. Ka ji ya ce ya sa. Ka leƙa a gabansa ai ka ƙaryata shi ke nan. Ya haife ka fa.”

Ban sunkuya ba. Shekarata talatin da takwas, da 'ya'ya uku, ina rubuta kundi a kan ƙarfin gadoji, kuma na kasa lanƙwasa bayana saboda kada ran wani ya sosu. Na cusa katin a bayan sitiyari, muka tura jirgi.

Irin wannan rami munafuki ne. Muddin jirgi yana gudu, gudun ne ke zuƙe ruwan waje, ba ka ganin komai. Alhaji ya danna wuta muka yi ta tsala gudu wajen minti ashirin, iska na dukan fuska, muka cire takunkumi muna ihu. Abokina ya buɗe hannuwa yana kabbara. Na ji daɗi a minti ashirin ɗin nan, daɗin da na yi wata da watanni ban ji ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai. Muka tsaya inda itatuwan gaɓa suka koma siririn layi, na jefa anka, muka sa jatan lande a ƙugiya.

Kifi biyu na kama, abokina ya kama wani ɗan tsurut ya ce a ɗauke shi hoto a aika Kano. Yana cikin gyara tsayuwa ya dubi ƙafarsa.

“Wa ya zubar da ruwa?”

Jirgin yana da daɓe a kan cikinsa, duk wannan lokacin ruwa yana taruwa a ƙasan daɓen. Kafin ya fito fili cikin ya riga ya cika. Na dubi gindin jirgin na ga ya zauna, saura kamar taƙi ɗaya ruwa ya haura. Na ce wa Alhaji ya tayar da inji. Ya murɗa makulli, inji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, ruwa ya kai batir.

Ban tambayi kowa ba. Na tuɓe riga na zame cikin teku ta baya, na riƙe ƙarfen inji da hannu ɗaya, na lalubi ƙasa da ɗayan. Yatsana ya shige ramin har ƙarshe. Na ji yadda ruwa ke jan fatata ciki.

“Babu matoshi!” na yi ihu. “Ina matoshin?”

Abokina ya durƙusa cikin ruwa ya ƙanƙame kujera, yana salati da kuka tare, yana kiran sunayen 'ya'yansa. Alhaji ya tsaya ƙiƙam. Daga inda nake, haɓata a gefen jirgi, ina ganin komai. Na ga ya sa hannu a aljihun kaftaninsa ya zaro ambulan ɗin da mai jirgin ya aiko da makulli a ciki. Ya girgiza shi a tafin hannu, guntun tagulla ya faɗo. Ya dube shi, ya dube ni. Bai miƙo mini ba, ya yi nisa, kuma yana tsoron motsi. Sai ya miƙa wa abokina. Abokina ya rarrafo ya sa mini a hannu. Na maimaita don kada a manta: daga aljihun Alhaji zuwa hannun abokina, daga hannun abokina zuwa nawa.

Na nutsa na murɗa shi, sau biyu yana kuɓuce wa ramin kafin ya kama. Na hau, na zubar da ƙanƙara da kifin da ke cikin kula, na ba abokina bokiti, muka yi ta kwarfa. Alhaji na sa ya koma can gaba ya zauna don gindin ya ɗago, kuma a ranar ya bi umarnina ba musu. Mun fi awa muna kwarfa kafin daɓe ya fito. Tafin hannuna ya tsage a jikin ƙarfen inji, ban ma sani ba sai da na ga jini a kular.

Da ruwa ya ragu abokina ya rungume ni.

“Ɗan'uwa, wallahi ba don kai ba da 'ya'yana sun zama marayu. Ba zan manta ba har in mutu.”

Wani dattijon masunci ɗan ƙasar da ke komawa gida ya ga ina kaɗa riga, ya zo ya ɗaura mana igiya ya ja mu. A bakin gangare mutane suka taru. Dattijon ya leƙa jirgin ya ga babu rigar ruwa ko ɗaya, ya girgiza kai, ya tambaya da harshensu wane ne ya manta matoshi. Alhaji ya iya harshen sarai. Ya nuna ni da baki.

“Yaronmu ne ya yi checking,” ya ce, ya kuma maimaita da Hausa don mu ji. “Ka san yaran yanzu.”

Na buɗe baki. Abokina ya sake riƙo ni, a damtse wannan karon, tunda rigar tana hannuna.

“Ba a nan ba,” ya ce. “Bari mu je gida. Ni shaida ne ai.”

Na yarda. Muka kama hanyar Cheras, rigunan ruwan suna ta tsami a bayanmu.

Kafin sati labari ya zaga. Mu a can ba mu da yawa, masallaci ɗaya, zauren hira ɗaya a waya, matanmu a wajen ɗinki ɗaya. Yadda ya dawo mini shi ne: an ba ɗan masunta amanar duba jirgi, ya tsaya karanta takarda ya manta babban abu, ya kusa kashe Alhaji, sai Alhaji ne ya yi ta maza ya nemo matoshin. Aka laƙaba mini Sarkin Ruwa. Samarin da ba su kai ƙanena ba suna ganina a tashar jirgin ƙasa sai su ce, “Sarkin Ruwa, how far, an toshe?” Wata ta ce wa matata ta riƙa duba tukunyar gas da kanta. 'Yata ta dawo daga wasa ta tambaye ni da Turanci ko gaskiya ne na kusa nutsar da baban ƙawarta.

Sau uku ina samun abokina. Na farko ya ce in bari ƙura ta lafa. Na biyu ya ce ai kowa ya san halin Alhaji. Na uku ya ce, “Mutumina, Allah ya sani, ni ma na sani. Me kake nema kuma?” Na ce masa ba Allah ne ke kirana Sarkin Ruwa a tasha ba. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba, jimla ɗaya ce daga bakinsa a gaban mutane. Ya ce idan dama ta samu zai faɗa.

Damar ta samu da Sallah, lokacin da aka fara barin mutane su ziyarci juna. Alhaji ya yi walima a gidansa, maza wajen goma sha biyar a falo, an baza tabarmi da farantai. Ban so zuwa ba, matata ta ce rashin zuwan zai zama wata magana. Ana cikin cin nama wani ya ce Alhaji ya ba da labarin teku. Ya gyara zama ya bayar, da gishiri da yaji. A wannan karon har shi ne ya ce a tafi da rigunan ruwa, ni na ce ba a buƙata. Ana ta dariya, ana juyowa ana kallona.

Na ajiye cokali. “Ranka ya daɗe, matoshin nan a aljihun wa aka same shi?”

Kowa ya juyo ya dube ni. Wani dattijo ya ce, “Kai, Injiniya, kai.” Alhaji ko gezau, ya yi murmushi ya juya wajen abokina.

“Dakta, kana wajen. Ko ba haka aka yi ba yadda na faɗa?”

Abokina yana gefena, gwiwarsa na taɓa tawa. Ya dubi farantinsa, ya tura wani ƙashi gefe da yatsa.

“Haka aka yi, Alhaji.”

Aka ci gaba da cin abinci. Wani ya ce in ba Alhaji haƙuri, ranar Sallah ce. Na tashi na nemi takalmina a cikin tarin takalman bakin ƙofa, na daɗe ban gan shi ba saboda idona ya rufe.

Na san dalilinsa, ba sai an faɗa mini ba. Gidan da yake kwana, keken ɗinkin matarsa, duk na sani. Na kuma san abin da ya yi a falon nan shi ne abin da na yi a bakin gangare: babba ya yi magana, aka sunkuyar da kai aka yi shiru. Na sha faɗa wa kaina haka ko zuciyata za ta yi sanyi, ba ta yi ba. Ni da na yi tawa kunyar, raina na jefa cikin haɗari tare da nasa, kuma na shiga ruwa na biya. Shi tasa kunyar da sunana ya yi ta, ya tashi da cikinsa a ƙoshe. Alhaji bai ba ni haushi sosai ba, ban taɓa ce masa ɗan'uwa ba.

Kashegari da hantsi aka buga ƙofarmu sau uku. Na san bugun. Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa na gan shi tsaye da leda a hannu, ya ja takunkumi ƙasan haɓa, idonsa ja.

“Ɗan masunta,” ya ce a hankali. “Buɗe mu yi magana.”

Matata ta fito daga kicin tana kallona. Na ce masa ta bayan ƙofa, “Muna killace. An ce kada mu buɗe wa kowa.”

Ya san ƙarya ce, jiya muka ci abinci gwiwa da gwiwa. Ya daɗe a tsaye. Sannan na ji ƙarar leda a jikin mariƙi, na ji takunsa ya nufi lif. Na kasa kunne, don a daidai nan ne yakan juyo ya tambaya ko na mutu. Lif ya zo, ya buɗe, ya rufe.

Matata ta nufi ƙofa za ta ɗauko, na ce ta bari. Kwana biyu ledar tana rataye, duk wanda zai fita sai hannunsa ya goge ta. A rana ta uku tururuwa suka yi mata layi tun daga ƙasan bango, mai sharar bene ta buga ta tambaya ko muna so. Na ce ta zubar.

Mun ƙara wata bakwai a benen nan kafin in gama in dawo gida, hawa uku ne tsakaninmu. Idan lif ya tsaya a na tara sai in dubi wayata. Bai sake hawowa ba, ni ma ban sauka ba.